Laba Ɗaya da Jiƙaƙƙiyar Igiya: Tarihin Masu Fatsar Tuna a Scarborough

A wajenmu su sana'a ce. Wanda ya tura kwale-kwale cikin kogin Kwara ko tafkin Madarunfa, abin da za a ɗora a tukunya ya fita nema, ba nishaɗi ba. Shi ya sa duk ranar da na kawo wa masu saurarona labarin Turawan da ke zubar da dukiya don su shiga teku su yi kokawa da kifi guda ɗaya, sai kira ya yi ta shigowa ana cewa ai wannan ƙoshi ne kawai. Ban musa ba, akwai ƙoshi a ciki. Sai dai akwai wani yanki na tarihin wannan wasa da nake ganin ya cancanci a zauna a karanta shi a natse, domin ya nuna yadda nishaɗin mai kuɗi ke hawa bayan sana'ar talaka, da yadda su biyun suka rataya ga wani ɗan ƙaramin kifi da ba wanda ke ɗaukar hoto da shi.

Bari in fara da kifin da ake magana. Wanda ya taɓa zama Abijan ya san garba, wato aceke da soyayyen kifi, abincin da ake cewa ya samo sunansa daga ƴan uwanmu ƴan Nijar masu sayar da shi. To, kifin da ke cikin garba tuna ne, amma ƙananan dangi. Babban wansu shi ne tuna mai shuɗin baya na tekun Atlantika, wanda kan zarce mita uku a tsawo, ya kuma haura kilo 400. Jikinsa na riƙe ɗumi fiye da ruwan da yake ciki, abin da yawancin kifaye ba sa iyawa, shi ya sa yake iya barin Bahar Rum inda yake hayayyafa ya nausa arewa cikin ruwan sanyi yana farauta. Giwan ruwan da ke cin gasar Argungu yakan kai kilo 70 da ɗoriya. A haɗa irinsa biyar, sannan a kai nauyin kifin da za mu yi magana a kansa.

Kama wannan dabba da sandar fatsa ya samo asali ne daga Amurka. Ranar 1 ga Yuni, 1898, wani marubuci masanin halittu mai suna Charles Frederick Holder ya kama tuna mai laba 183, kimanin kilo 83, a gaɓar tsibirin Santa Catalina da ke Kalifoniya. Cikin ɗan ƙaramin jirgi yake shi da matuƙinsa Jim Gardner, kifin kuma ya yi ta jan su kusan awa huɗu kafin ya gaji. A wannan shekarar Holder ya kafa ƙungiyar masu fatsar tuna a garin Avalon. Abin da ya dame shi shi ne yadda baƙi ke jawo kifi da kakkaurar igiya tuli-tuli su bar shi yana ruɓewa a bakin ruwa. Sai ƙungiyar ta kafa doka: zare ya zama siriri, wanda kifin zai iya tsinkewa, kuma mai sanda shi kaɗai zai yi fama har ƙarshe, kada wani ya sa masa hannu. Ma'ana, a bar wa kifin ƙofar tsira. Wannan tunani shi ne ƙashin bayan wasan har gobe.

Labarin da ya fi jan hankalina kuwa a Ingila ya faru, shekara talatin da ƴan kai bayan haka, a garin Scarborough da ke gaɓar Tekun Arewa (Sikabara ake furta shi, kada rubutun ya tsorata mai karatu). Masuntan wannan yanki sun daɗe suna ganin wasu manyan kifaye na zagaya jiragensu a watannin Agusta da Satumba, lokacin da suke jan taru cike da kifin nan da ƴan kasuwar Najeriya ke kira shawa, wanda yanzu ake kawo mana shi a daskare cikin kwali. Tuna na bin garken shawa ne kamar yadda kura ke bin garken awaki, yana tsintar waɗanda suka zubo daga taru. Su masunta ba abin da ya dame su da shi, don ba shi suka fito nema ba.

A watan Agustan 1930 sai wani dattijo mai suna Lorenzo Mitchell-Henry, ɗan gidan masu hali wanda ya riga ya koyi wannan fatsa a gaɓar Kanada, ya fita kimanin mil 50 cikin teku ya dawo da tuna mai laba 560, wato kilo 254. Shi ne na farko da aka kama da sanda a ruwan Birtaniya. Labari ya bazu a jaridu. Kafin a ce me, Scarborough ta zama matattarar masu hannu da shuni. Kanar Edward Peel, attajirin auduga da ke zaune a Iskandariyya ta Masar, ya zo da jirginsa na alfarma mai suna St George, ya kuma kama mai laba 798, wanda ya karya bajintar duniya da marubucin Amurka Zane Grey ya kafa da mai laba 758. Baron Henri de Rothschild ya zo da nasa jirgin. A 1933 aka kafa ƙungiyar masu fatsar tuna ta Birtaniya, Peel ne shugabanta na farko. Mata ma ba a bar su a baya ba: a 1947 Dakta Bidi Evans ta kama mai laba 714.

Ga inda abin yake da daɗin ji. Duk girman jirgin da mutum ya zo da shi, duk yawan barorinsa da masu dafa masa abinci, in an iso fage dole ya sauko ya shiga ɗan kwale-kwalen katako da ake tuƙawa da hannu. Babban jirgi aikinsa ya kawo ka kusa da masu jan taru, yawanci da asubar fari. Daga nan sai a sauke ƙaramin, mai fatsa ya zauna an ɗaure shi da ɗamarar fata da ke haɗe da sandar, matuƙi na bayansa. A watsa shawa cikin ruwa, a saki guda mai ƙugiya a ciki. In tuna ya haɗiya, gudun farko da zai yi yakan kwashe zare mai yawa cikin ƙiftawar ido, ƙarfen naɗin zaren har zafi yake ɗauka. Daga nan kifin ya zama doki, kwale-kwalen ya zama amalanke. Zai yi ta jan su mil bayan mil, wani lokaci har babban jirgin ya ɓace musu da gani.

Hikimar ƙaramin jirgin ke nan. Da daga kan babban jirgi ake riƙe da zaren, da kifin ya tsinke shi a fizga ɗaya, don babu abin da zai sassauta. Shi kuwa kwale-kwale yana bi, yana kuma da ɗan nauyin da ke cin ƙarfin kifin sannu a hankali. Amma ba kullum mutum ke nasara ba. A 1932 wani mai suna Harold Hardy ya yi sama da awa bakwai yana fama da wani ƙato, daga ƙarshe zaren ya tsinke, ya dawo hannu rabbana.

Yanzu mai karatu ya tsaya ya dubi wancan mutum na biyu da ke cikin kwale-kwalen. Doka ta hana shi taɓa sanda ko zare. Amma shi ne zai riƙa juya goshin jirgin yana fuskantar inda kifin ya nufa, domin in zaren ya ja ta gefe, jirgin kifewa zai yi, ruwan Tekun Arewa kuwa ba ya ba mutum dogon lokaci. Shi ne ya san igiyar ruwa, ya san iska, shi ne kuma a ƙarshe zai miƙa ƙugiya mai doguwar ƙota ya cafko dabbar da ta ninka shi nauyi sau huɗu ko biyar. Waɗannan matuƙa masuntan yankin ne da ake ɗauka haya. Kundin bajinta kuwa sunan mai sanda yake ɗauka. A ganina, in da adalci, layi biyu ya kamata a riƙa ja wa kowane kifi. Na san irin wannan a aikinmu: muryar mai gabatarwa ake sani, wanda ke zaune bayan gilashi yana daidaita sauti ba mai tambayar sunansa, alhali in ya ɗauke hannu shirin ya mutu.

Bayan matuƙin kuma akwai wata runduna da wasan ba zai yiwu ba sai da ita, wato masu sana'ar shawa. Daruruwan jirage ne ke bin garken kifin daga arewacin Sikotlan suna gangarowa kudu yayin da shekara ke tafiya, a tudu kuma ayarin mata ƴan Sikotlan na bin su tasha-tasha, suna feɗe kifin suna jera shi cikin ganga da gishiri, hannuwansu naɗe da tsumma saboda yankan wuƙa da cin gishiri. Sana'ar ta kai ƙololuwa a 1913. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba ta da manyan kasuwanninta na Jamus da Rasha, don haka a shekarun 1930, lokacin da attajirai ke shagali a Scarborough, masu taru cikin matsi suke. Duk da haka wajensu ake zuwa a tambayi inda aka ga tuna, gefen tarunsu ake rakuɓewa, kifinsu ake maƙalawa a ƙugiya.

Sai rigimar da na ɗauko kan wannan rubutu daga gare ta. A 1933 Mitchell-Henry, yana da shekara sittin da wani abu, ya kama tuna mai laba 851, kilo 386, daura da garin Whitby, arewa kaɗan da Scarborough. Wannan ya zama kambun Birtaniya. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da komai. Da aka dawo, a 1949, wani manomi daga Lincolnshire mai suna Jack Hedley Lewis ya kawo nasa aka ɗora a sikeli: laba 852. Bambancin laba ɗaya tak, abin da bai kai rabin kilo ba. Tsoho Mitchell-Henry, wanda a lokacin ya haura tamanin, ya ce bai yarda ba. Hujjarsa ita ce igiyar da aka rataye kifin da ita wajen awo jiƙaƙƙiya ce, kuma nauyinta ya shiga lissafi. Duk wanda iyayensa suka yi cinikin gyaɗa ko auduga a kan sikeli ya san irin wannan gardama, sai dai a can kuɗin cefane ake yi wa ita. Ko ma dai yaya, maganar dattijon ce ta tsaya: har yau sunansa ne a kundin Birtaniya. Kifin Lewis kuwa an adana shi a gidan tarihin Scarborough.

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne lokacin da aka yi gardamar. Shekara biyar bayanta, a 1954, aka kama tuna na ƙarshe a wannan wasa a Scarborough. Suna ta jayayya kan nauyin igiya, ashe kifin ne gaba ɗaya ke shirin barin su. Ba masu sanda ne suka ƙarar da shi ba, don abin da suke kamawa a shekara bai taka kara ya karya ba. Jiragen kasuwanci na Nowe da maƙwabtanta sun shiga kwasar tuna da manyan taruna masu zagaye garke ɗungum, dubban tan a shekara cikin shekarun 1950. Shi ma shawa aka yi masa irin wannan kwasa da sababbin na'urori, har ya kusa ƙarewa, aka rufe kamunsa a Tekun Arewa a 1977. Abinci ya tafi, mai cinsa ma an rage shi. Matan da ke feɗe kifi sun watse, matuƙan kwale-kwale sun nemi wata sana'a, attajirai kuma suka tafi wasu tekunan.

Ana cikin haka darajar naman tuna ta sauya. Turawan Ingila na wancan zamani ba su ɗauke shi wani abin marmari ba, hoton da za a ɗauka a gefensa ya fi musu naman. Kasuwar Japan ce daga baya ta mai da shi zinariya. A gwanjon farkon shekarar 2019 a Tokiyo, an sayi ɗan uwansa na tekun Pasifik mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6, fiye da dala miliyan uku. Kifin da Mitchell-Henry da Lewis suka yi rigima a kai kowanne ya fi wannan da sama da kilo ɗari.

Bayan hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da tunan Atlantika ta tsaurara ƙa'idar kamu daga 2007, sai kifin ya fara farfaɗowa. A tsakiyar shekarun 2010 aka soma ganinsa kuma a ruwan Birtaniya, musamman kudu maso yamma, wajen Cornwall da Devon. A 2021 gwamnati ta ba wasu ƙananan jiragen haya izinin fita da masu fatsa don a kama shi, a auna, a maƙala masa alamar bincike, a sake shi. A 2024 aka buɗe wasan ga masu nishaɗi a Ingila bisa lasisi, da sharaɗin cewa kifin ba zai hau tudu ba. Jiragen yanzu masu inji ne, ba na tuƙin hannu ba, kuma a gefen jirgi ake gwada tsawon kifin yana cikin ruwa, a ja shi a hankali har numfashinsa ya dawo, sannan a cire ƙugiya. Tunda ba a kai shi kan sikeli, laba 851 ta Mitchell-Henry na nan zaune, babu mai hanyar ture ta.