Daga jaridar 2008 zuwa wayoyin 2022: yadda aka ba da labarinmu

A tsangaya an koya mana cewa kafin a karɓi magana sai an tambayi isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji. Da wannan ma'auni muke so mu duba abin da aka rubuta a kanmu sau biyu cikin shekara 14.

Tushen yana da nisa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar wajen 1906. Tun kafin su ma mahajjata na bin wannan hanya, wasu su yada zango har abada. Da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe aikin Jazira a 1925, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar. Sai dokar 1948, da dokar jinsiyya ta 1957 bayanta, suka ɗora ɗan ƙasanci kan zama a Sudan tun ƙarshen 1897. Wanda ya zo da Mai Wurno ya makara da shekara tara. A nan kalmar "baƙi" ta sami gindin zama, kuma duk ɗan siyasar da ya buƙace ta yakan same ta a ajiye.

A Oktoba 2008 jaridar Al-Ayyam ta buga hira da ta jingina wa shugaba Umar al-Bashir cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Jama'a suka fito a Kasala da Gadarif, aka yi arangama da 'yan sanda, shugaban kuma ya musanta. Ku lura da lokacin: an yi ƙidayar jama'a a shekarar, ana shirin zaɓe. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, maganar ta yi aikinta, domin musantawa ba ta taɓa kai inda zargi ya kai.

Na 2022 ya fi ciwo. Abin da ya tashi a Damazin gardama ce kan idara ahliyya, wato sarautun gargajiya da hukuma ke amincewa da su. Hausawan jihar Nilu Shuɗi sun nemi imara tasu. Masu sarautar yankin suka ƙi, da hujjar cewa sarauta tana tafiya da ƙasa. Hujja ce da za a iya zama a tattauna, kuma adalci ne mu faɗi haka. Amma a ƙarƙashinta akwai wata rigimar: yarjejeniyar Juba ta Oktoba 2020 ta ba ɓangaren Malik Agar mulkin jihar, Ahmad al-Umda Badi ya zama gwamna, abokan hamayyarsu kuwa na ganin Hausawa a matsayin jama'ar Agar. Wanda ya kasa taɓa gwamna sai ya nemi na kusa da shi.

Kafin maganar ta isa Facebook da WhatsApp, "suna neman imara" ta koma "suna neman ƙasarku". A Yuli jini ya zuba a Ganis da Rusairis, hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mamata 105. A Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, aka rasa fiye da 200. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya, namu da na maƙwabtanmu. Kafofin nesa suka tattara duk wannan cikin kalma biyu, "rikicin ƙabilanci", kamar wata cuta ce da ke tasowa da kanta. Sunan kujerar da ake jayayya a kai da na masu cin riba ba su cika fitowa a kanun labari ba.

Mu ma ba mu fita da tsarki ba. Mu da ke riƙe da alƙalamin dattawa mun ga saƙonnin murya suna shigowa zaure da adadin da ba wanda ya ƙirga, da hotunan da ba a san garinsu ba, da harshenmu, daga yaranmu. Dattijo ya ce a tambayi wanda ya gani da ido, matasa su ce tsoro ne. Har a Kasala aka ƙona ofisoshin gwamnati cikin fushi, waɗanda suka ce mu fitina ne suka sami hoton da suke nema.

A Janairu 2023 aka sa hannu kan sulhu a Damazin a gaban Janar Burhan. Jaridu suka buga hoton musabaha. Da yawa daga waɗanda suka gudu Sinnar da Wad Madani ba su koma gonakinsu ba tukuna lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, masu ɗaukar labari suka juya can.