Birkin Abin da Ake Ja

Kawuna direban tirela ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Kano zuwa Legas. Ina yaro, abin da ya fi ɗaukar hankalina a motarsa shi ne tiyo biyu masu murɗewa da ke bayan kai, ɗaya ja, ɗaya rawaya. Da asuba yakan tayar da inji ya zauna, ba ya motsawa sai allurar iska ta hau. Wata rana na tambaye shi aikin jan. Ya ce, "Ɗana, in wannan ya tsinke, bodi da kansa zai kame ya tsaya."

Maganar nan ta dawo mini ran da na tsaya kusa da wata motar tafi-da-gidanka a Amurka, mai girman bas, da gado da madafa a cikinta. Tana jaye da ƙaramar Jeep, tayoyinta huɗu a ƙasa, ba kowa a kujerar direba. Na leƙa ta taga, sai ga wani akwati a gaban kujerar, ya miƙa hannun ƙarfe ya riƙe fedar birki.

Asalin dabarar sa wa abin da ake ja birkinsa daga jirgin ƙasa ya fito. Kafin 1869, kowane tarago da nasa birkin hannu. Direba ya busa usur, masu birki su bi ta saman taragu a guje, cikin ruwa ko ƙanƙara, suna murɗa ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun faɗo sun rasa rayukansu. A 1869 ne George Westinghouse, yana ɗan shekara 22, ya yi rajistar birkin iska. Amma na farkon yana da aibi babba: iska ce ke matse birki, saboda haka in tiyo ya fashe ko tarago ya ɓalle, shi ke nan, babu birki. A 1872 ya juya abin. Yanzu iskar da ke cikin bututu ita ke riƙe birki a sake, da ta zube sai ya kama. Ni dai ban san gyaran da ya kai wannan hikima ba a harkar sufuri. A 1893 majalisar dokokin Amurka ta wajabta shi a jiragen ƙasa, daga baya manyan motoci suka gada.

Tafi-da-gidanka kuwa ta yaɗu ne bayan kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara ƙera nasa a 1966. Mai irin wannan mota ba zai shiga kasuwa da ita ba, sai ya ja ƙarama a baya. An daɗe ana jan su haka nan, birkin babbar ke ɗaukar nauyin duka biyun, a gangara ya yi zafi ya daina ci. Jihohi da dama sun sa doka cewa abin da ake ja, in ya wuce fam 3,000, wato kusan kilo 1,360, dole ya kasance da birkinsa.

Nan zaɓi ya shigo. Akwai akwatin da na gani, irin su Brake Buddy, wanda ake sakawa a cire kullum. Dole ya danna da ƙarfi, domin motar da injinta ke kashe fedarta tauri take yi. Akwai ReadyBrake, wanda ba ruwansa da lantarki: in babbar ta rage gudu, ƙaramar ta turo ta, turin ne ke jan waya ya taka birki. Akwai kuma irin su Air Force One, da ake dasawa a jiki, yana ɗibar iska daga babbar motar kamar yadda bodin kawuna ke yi. Da ni ne, wannan zan ɗauka, domin yana matsawa ne daidai gwargwadon ƙafar direba.

Kafin in bar wurin na durƙusa gaban Jeep ɗin. Ban da sandunan ja da wayoyin tsaro, akwai wata siririyar waya da ta taso daga babbar motar ta maƙale a ɗan fil ƙarƙashin bamba. Mai motar, wani dattijo, ya taɓa ta da yatsa ya ce in komai ya tsinke, ita za ta fizge fil ɗin, birki ya kama.