Tazargade

Tazargade ganye ne mai ɗaci da ƙamshi mai ƙarfi, daga dangin tsirran da masana ke kira Artemisia. A Kano ana samun busasshensa wurin masu maganin gargajiya na Kasuwar Kurmi, kuma 'yan talla kan kai shi har unguwannin masana'antu irin su Sharada, Challawa da Bompai, inda lebura ke ganin ƙulli guda ya fi awon jini araha. Iyaye mata sun daɗe suna jiƙa shi domin zazzaɓi da ciwon ciki, wasu kuma su turara shi a ɗaki.

Wannan suna da ya yi ba banza ba ne. Daga wani jinsinsa, Artemisia annua, masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarin atemisinin a 1972, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Shi ne ginshiƙin magungunan ACT da asibitoci ke bayarwa yau ga mai zazzaɓin cizon sauro.

Sai dai jiƙo ba ƙwaya ba ne. Yawan sinadarin yakan bambanta daga jinsi zuwa jinsi, har ma da yadda aka shanya ganyen aka adana shi, kuma idan ya yi kaɗan sai zazzaɓin ya lafa alhali ƙwayar cutar na nan cikin jini, ta kuma fara jure wa magani. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan shan ganyen a madadin ACT. Ana kuma shawartar mai juna biyu ta guje shi.