Jijiya da guringuntsi: abin da ke riƙe da ƙasusuwan mutum da dabba

Babban mutum yana da ƙashi 206, amma ba ƙashi ne ke riƙe ɗan'uwansa ba. Wannan aikin jijiya ne da guringuntsi. Hausa tana kiran abubuwa da yawa da sunan jijiya, har da hanyar jini, sai dai a jikin gaɓa iri biyu ne. Akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara ta bayan diddige, akwai kuma wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, kamar na gwiwa. Guringuntsi shi ne farin abu mai santsi da ke bakin ƙashi, yana hana ƙasusuwa gogar juna.

Tushensu duka wani sinadari ne mai kama da zare, kolajen. Shi ne ke narkewa idan an daɗe ana dafa ƙafar saniya, romon ya daskare in ya huce. Mahautan kasuwar Tanut sun san waɗannan sassa da wuƙa tun kafin a ba su sunan likita. A wuyan raƙumi da sa akwai wata doguwar jijiya mai miƙewa kamar roba, ita ke taimaka wa dabbar ɗaukar kanta ba tare da gajiyar da tsoka ba.

Abin da ya fi shafar manomi da makiyayi a Damargu shi ne warkewa. Ƙashi yana samun jini sosai, shi ya sa karaya takan haɗe cikin makonni shida zuwa takwas. Jijiya jininta kaɗan ne, guringuntsi kuwa ba hanyar jini a cikinsa sam. Don haka targaɗen da aka raina yakan ɗauki watanni, guringuntsin gwiwa da ya cinye kuma da wuya ya koma yadda yake. Hoton ƙashi na asibiti ba ya nuna jijiya da kyau, saboda haka a ce ba karaya ba ya nufin gaɓar ta tsira. Jan gaɓa da ƙarfi wajen ɗori yana iya ƙara yagar. Haka jaki ko raƙumin da dabaibayi ya ci masa agara: in aka ɗora masa kaya da wuri, gurguncin yakan zauna.

Jiki ba ya iya ƙera kolajen sai da bitamin C. Daga Tanut zuwa Belbeji, inda ɗanyen ganye ke ƙaranci da rani, ana samunsa a garin ɗan kuka, tumatir da lemun tsami.