WA ZA A FARA DUBAWA? TARIHIN TANTANCE MARASA LAFIYA DAGA FAGEN FAMA ZUWA KWAMFUTA

Mai karatu, yau ina so mu ɗan jingine labaran soyayya a gefe, mu dubi wata tambaya da ta daɗe tana hana likitoci barci. Idan marasa lafiya goma suka iso asibiti a lokaci guda, likita kuma ɗaya ne, wa zai fara dubawa? Wanda ya riga kowa zuwa? Wanda ya fi kowa ihu? Mai kuɗi da muƙami? Ko kuwa wanda ya yi shiru a kan benci saboda ƙarfin yin ihun ma ya ƙare masa? Masana harkar lafiya suna kiran aikin amsa wannan tambaya tiriyaj, kalmar Faransanci ce da ke nufin zaɓe ko rarrabewa, kuma asali ana amfani da ita ne wajen ware kayan sayarwa irin su ulu da 'ya'yan kofi, mai kyau gefe, maras kyau gefe. A yau ana miƙa wa kwamfuta wani ɓangare na wannan aiki, shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya, tunda waiwaye adon tafiya ne.

Labarin ya faro ne daga yaƙe-yaƙen Faransa. Kafin ƙarshen ƙarni na 18, al'adar rundunonin Turai ita ce a bar wanda ya ji rauni kwance a fili har sai ƙura ta lafa, wani lokaci yini guda ko fiye, sa'annan idan an zo kwasa a fara da manyan hafsoshi. Wani likitan tiyata mai suna Dominique Jean Larrey, wanda aka haifa a 1766, shi ne ya ƙi yarda da haka. A cikin shekarun 1790 ya ƙirƙiro wasu kekunan doki marasa nauyi masu shiga fagen fama ana tsaka da ɓarin wuta su kwaso masu rauni. Daga nan ya kafa ƙa'idar da ta sa ake tunawa da shi: wanda rauninsa ya fi haɗari shi za a fara yi wa aiki, ba tare da duban muƙami ba, kurtu ne ko janar, kai, ko da sojan abokan gaba ne. Ya bi Napoleon zuwa Masar a 1798 da Rasha a 1812. A yaƙin Waterloo na 1815 sojojin Furushiya suka kama shi, har an shirya harbe shi, sai wani likitansu da ya taɓa sauraron laccarsa ya shaida shi. Aka kai shi gaban Janar Blücher, wanda Larrey ya taɓa ceton ɗansa a wani yaƙi da ya gabata, janar ɗin ya sake shi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To sai dai ba a daɗe ba wasu suka hango gibi a wannan ƙa'ida. Idan likita ya ɓata sa'o'i uku a kan mutum ɗaya da ba zai rayu ba, mutum biyar da za su rayu suna iya mutuwa a bakin tanti. A 1846 wani likitan sojan ruwan Ingila, John Wilson, ya kawo shawarar a mayar da hankali kan waɗanda magani zai yi wa amfani, a jinkirta masu ƙananan raunuka da waɗanda babu sauran fata a kansu. A yaƙin Kirimiya kuwa, a garin Sebastofol cikin 1854 da 1855, likitan Rasha Nikolai Pirogov ya riƙa kasa masu rauni rukuni-rukuni tun daga ƙofa kafin kowa ya ɗauki wuƙar tiyata. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da masu rauni suka riƙa zuwa dubu-dubu, kalmar tiriyaj ta zama ruwan dare a bakin likitocin soja.

Ina so mai karatu ya riƙe waɗannan ra'ayoyi biyu, domin har gobe su ake ja-in-ja a kansu. Na farko ya ce a fara da wanda ya fi shan wahala. Na biyu ya ce a yi abin da zai ceci rayuka mafi yawa. Duk na'urar da za a ƙera domin wannan aiki, dole wani ɗan'adam ya zaɓar mata ɗaya, ko ya haɗa mata su ta wata hanya.

Akwai kuma hanya ta uku da aka gwada, wadda ni a ganina ita ce mafi ban tsoro. A 1960 Dakta Belding Scribner na birnin Siyatil a Amurka ya samo dabarar da ta sa masu ciwon ƙoda za su iya yin wankin jini a kai a kai. Injinan kaɗan ne, masu buƙata kuma da yawa. Sai aka kafa wani kwamiti na mutum bakwai da aka ɓoye sunayensu, ciki har da limamin coci da lauya da ma'aikacin banki da matar aure, domin su zaɓi waɗanda za a ɗora a kan injin. Suka riƙa duba sana'ar mutum da yawan 'ya'yansa da samunsa da matsayinsa a cikin jama'a. Da 'yar jarida Shana Alexander ta bayyana labarin a mujallar Life cikin Nuwamban 1962, sai ƙasar ta ɗauki zafi, domin mutane sun ga ana auna darajar rai da mudun dukiya da mutunci. Ƙarshenta a 1972 majalisar Amurka ta yi dokar da ta sa gwamnati ke biyan kuɗin wankin ƙoda ga kusan kowa.

A shekarun 1960 ɗin ne kuma asibitocin farar hula suka fara aron wannan tsari na soja, saboda cunkoson da ya addabi sashen gaggawa. Sannu a hankali aka mayar da shi rubutacciyar ƙa'ida. Tsarin Mancesta na Ingila, wanda aka buga a 1997, ya kasa marasa lafiya launi biyar: ja a duba shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin minti 60, kore cikin minti 120, shuɗi cikin minti 240. A Amurka, Richard Wuerz da David Eitel suka fito da wani ma'auni mai hawa biyar a ƙarshen shekarun 1990.

Misalin da ya fi burge ni a nan daga Afirka yake. A babban asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun lura cewa yara da yawa suna mutuwa ne cikin yinin farko na zuwansu, wasu ma a kan layi a bayan uwayensu. A 2001 suka sake tsarin sashen yara, suka koya wa ma'aikata duba kowane yaro da zarar ya shigo: yaya numfashinsa, hannunsa ya yi sanyi, yana suma ko jijjiga, ruwan jikinsa ya ƙare? Mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari, ya koma kashi 6 zuwa 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wannan hanya a matsayin littafin horo a 2005. Babu kwamfuta a cikin wannan nasara, ido ne kawai da horo da tsari.

Yanzu bari mu zo kan na'ura. Tun a 1972 wani likita a Jami'ar Lids ta Ingila, Tim de Dombal, ya ɗura wa kwamfuta bayanan masu matsanancin ciwon ciki, ya sa ta riƙa lissafin wace cuta ce ta fi yiwuwa. A gwajin mutum 304, kwamfutar ta dace a kashi 91.8 cikin ɗari, manyan likitoci kuma a kashi 79.6. Amma da aka kai manhajar wasu asibitocin, sai ƙoƙarinta ya ragu, domin marasa lafiyar can da yadda likitocin can ke rubuta bayani sun bambanta da na Lids.

Abin da ake kira koyon na'ura a yau ci gaban wannan tunani ne. Ba a rubuta wa kwamfuta dokoki ɗaya bayan ɗaya. Ana zuba mata tarihin dubban marasa lafiya ne, da shekarunsu da zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini da abin da ya kawo su, tare da yadda kowannensu ya ƙare, ita kuma ta zaƙulo alamomin da ke nuna haɗari. Kuma tana iya yin amfani ƙwarai. A 2018 Scott Levin da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu zuwa sashen gaggawa ana jibge su ne a hawa na uku, wato tsaka-tsaki, amma da manhajarsu ta duba bayanan zuwa asibiti sama da 170,000, sai ta tsamo fiye da kashi 10 cikin ɗari na 'yan wannan hawa waɗanda ya kamata a ɗaga su sama. Waɗannan su ne masu shiru a kan benci da na ambata.

Sai dai Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na'ura daga tarihinmu take koyo, duk abin da ke cikinsa kuma shi za ta gada. A tsakiyar shekarun 1990 a Fitsbag, masu bincike sun horar da manhajoji domin su gane wane mai ciwon huhu za a kwantar, wane za a sallama gida. Ɗaya daga cikinsu ta koyi cewa mai asma ba ya cikin haɗari sosai. Dalili kuwa shi ne likitoci sun saba garzayawa da masu asma ɗakin kulawa ta musamman, don haka kaɗan ne daga cikinsu ke mutuwa. Lissafin daidai ne, amma da an bi shi, da an riƙa tura mafiya rauni gida. Rich Caruana, wanda ya yi aiki a binciken, ya bayyana cewa wannan ne ya sa aka ƙi amfani da manhajar da ta fi kowace dacewa, saboda ba a iya leƙa cikinta a ga me ta koya.

A 2019 Ziad Obermeyer da abokansa suka buga wani bincike a mujallar Science kan manhajar da ake amfani da ita a Amurka wajen zaɓen marasa lafiyar da za a ba ƙarin kulawa. Masu ƙera ta sun ɗauki kuɗin da aka kashe wa mutum a asibiti a matsayin ma'aunin rashin lafiyarsa. Da yake ana kashe wa baƙar fata ƙasa da abin da ake kashe wa farar fata mai ciwo iri ɗaya, sai manhajar ta ɗauka sun fi lafiya. Binciken ya nuna cewa da an gyara wannan, kason baƙar fata cikin masu samun ƙarin kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin ɗari. Kwamitin Siyatil ne ya dawo, wannan karon ba tare da fuska ba. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar Mishigan suka gwada wata manhajar kamfanin Epic mai hasashen gubar jini, suka tarar ta tsallake kashi 67 cikin ɗari na masu cutar, alhali tana buga ƙararrawa kan kashi 18 na duk waɗanda aka kwantar. Daga baya kamfanin ya sake fasalinta.

Hatta ma'aunin da ake ba na'urar yana iya zuwa da matsala. Ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa domin auna iskar oksijin a jini, wanda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano dabararsa a 1972, yana aiki ne da 'yan mitsitsin fitilun LED guda biyu, ɗaya ja, ɗaya mai hasken da ido ba ya gani, yana auna yawan hasken da jini ya shanye. A 2020 Michael Sjoding da abokansa suka gano cewa yana kasa nuna ƙarancin iska ga baƙar fata kusan ninki uku na yadda yake kasawa ga farar fata, kashi 11.7 a kan 3.6. Fasahar fitilun nan kullum gaba take yi. Tun 2001 ɗakin binciken Charles Lieber a Jami'ar Habad ya samar da haske daga wasu zaruruwa da suka fi gashin kai siranta fiye da sau dubu. Amma ko da fitila ta kai ƙanƙantar ƙwayar ƙura, tambayar ba ta canzawa: a fatar su wa aka gwada ta?

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin fatarmu ce ake magana a kai, kuma manhajojin da aka horar a Amurka da Turai su ne za a kawo wa asibitocinmu talla, inda zazzaɓin cizon sauro da sikila da tamowa ke cika ɗakin gaggawa, inda kuma tarihin yawancin marasa lafiya ke cikin folda ta takarda. Ba ina cewa a guji na'ura ba ne. Nas ɗaya da ke fuskantar mutum ɗari da tsakar dare tana buƙatar duk taimakon da za ta samu. Abin da nake cewa shi ne, kafin a sayo, a tambaya daga bayanan su wa ta yi karatu, me aka umarce ta ta fifita, an gwada ta a kan mutanenmu, kuma wa zai amsa tuhuma idan ta tura mai mutuwa bayan layi. Kafin nan kuma, darasin Blantyre yana nan, kuma bai buƙatar wutar lantarki: a samu mutum mai horo a bakin ƙofa, wanda zai dubi kowa da zarar ya shigo, ba tare da ya tambayi ɗan wane ne ba.

Masu aikin asibiti a cikin masu karatu, ina jiran jin yadda ake yi a wurarenku. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.