Daga kan tururuwa zuwa ƙusar da ke narkewa: tarihin ɗinkin da ba a warwarewa



Mu da muka tashi a Jidda mun saba jin sunan Zahrawi tun a makaranta. Malami zai ce shi ne uban tiyata, mu gyaɗa kai, a wuce. Ni dai abin da ya ja hankalina a tarihinsa matsala ɗaya ce da ya yi fama da ita, wadda har yau injiniyoyi ke kai: ta yaya za a rufe rauni da abin da zai riƙe nama har ya haɗe, sannan ya ɓace da kansa?

Ku duba aikin wanzamanmu: ƙaho, sakiya, kaciya. Akasari buɗewa ne. Rufewa ta fi wuya, musamman a cikin ciki. In ka ɗinke fata da zaren siliki, bayan kwana bakwai ko goma sai a cire. To in hanji ka ɗinke fa? Ba za ka sake farke mutum don ka ɗauko zarenka ba.

Abul Ƙasim al-Zahrawi ya rayu kusa da Ƙurɗuba a Andalus, ya rasu wajen shekarar 1013. Littafinsa, at-Tasrif, kashi 30 ne, kuma na ƙarshen kan tiyata yake, da zanen kayan aiki kusan 200. A ciki ya kawo hanyoyi biyu na haɗa hanjin da ya yage. Ta farko za ta ba ku dariya: a samo tururuwa masu manyan kai, a haɗa bakin raunin, a sa ta ciza, sai a yanke gangar jikinta a bar kan a maƙale. A jera su haka har raunin ya rufu. Likitocin Indiya ma sun san wannan tun kafin shi. Wallahi in ka lura da kyau, wannan ita ce kakar sitefula. Hanya ta biyu kuwa siririn zare ne da aka ciro daga hanjin dabba, irin wanda ake yin tsirkiyar kayan kiɗa da shi. Jalinusa, likitan zamanin Rumawa, ya ambaci irin wannan zare tun ƙarni na 2, amma littafin Zahrawi, da aka fassara zuwa Latin a ƙarni na 12, ya daɗe yana hannun likitocin Turai.

Zaren hanji, wanda Bature ke kira catgut, ba ruwansa da kyanwa fa. Daga hanjin tumaki ko shanu ake yin sa. Amfaninsa shi ne jiki na cinye shi kamar yadda yake narkar da nama. Aibinsa biyu ne: yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma ba ka da tabbacin ranar da zai saki. Joseph Lister na Birtaniya ya fara tsoma shi cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a 1881 ya fito da dabarar jeme shi da sinadarin kuromiyam don ya ƙara daɗewa. Jima ce dai, kamar ta majema, sai dai ta hanji.

Ta ɓangaren tururuwa kuma, sai a 1908 aka samu magajinta na ƙarfe. Wani likita a Budapest, Hümér Hültl, ya ƙera na'urar da ke datse ciki da ƙananan ƙusoshin waya. Nauyinta ya haura kilo 3, kuma shirya ta kaɗai na cin kusan awa biyu. Rashawa suka gyara ta a shekarun 1950, wani likitan Amurka, Mark Ravitch, ya gani a can a 1958 ya kai labari gida, kamfanin United States Surgical da aka kafa a 1964 ya mayar da ita kayan kasuwa. Sitefula ta kawo sauri. Amma ƙarfe ba ya narkewa. Na cikin ciki yana nan har abada, na kan fata kuma sai an koma asibiti an ɓamɓare shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya haɗa hanyoyin biyu na Zahrawi wata irin roba ce. A 1970 aka fito da zaren Dexon, a 1974 kuma Vicryl. Ana yin su ne daga sinadarai irin wanda ke sa nono tsami da danginsa. Ruwan jiki ne ke tsinka su a hankali, jiki ya sarrafa ragowar ya fitar. Daɗin abin, yanzu ana iya lissafa lokaci. Vicryl na riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa bayan mako biyu, rabi bayan mako uku, ya ɓace tsakanin kwana 56 zuwa 70. Da ciwon haukan shanu ya ɓulla, Turai da Japan suka daina amfani da zaren hanji, duk da cewa a ƙasashe da dama har yanzu ana aiki da shi saboda araha.

Da aka samu wannan roba sai masu ƙira suka ce, to me zai hana a yi ƙusa da ita? Nan fa aiki ya tashi. Ƙusar ƙarfe lanƙwashewa take ta kama nama. Roba ba ta lanƙwasuwa haka, karyewa take. Dole aka sake siffar gaba ɗaya: wata mai ɓari biyu da ke shiga juna su kulle, wata mai ƙugiya a baki kamar ta kamun kifi. A shekarun 2000 wani kamfani a Minnesota ya fitar da Insorb, na'urar da ke dasa ƙusoshin a ƙarƙashin fata, ba ta huda saman ba, kuma ana amfani da ita a tiyatar haihuwa. Akwai kuma irin su AbsorbaTack, masu kafe ragar da ake sa wa mai ƙaba har nama ya lulluɓe ta. Ba a rasa matsala ba: sun fi zare tsada, kuma wani lokaci jiki kan turo ƙusa waje kafin ta narke. Lissafin mai ƙira kullum ɗaya ne. Ta saki da wuri, rauni ya buɗe. Ta daɗe, nama ya yi fushi ya kumbura.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan? Ku tuna garin da muke. Alhajin da aka yi wa aikin gaggawa, jirginsa na tashi daga Jidda bayan kwana biyar, wa zai cire masa ƙarfe a ƙauyensu? Ga kuma 'yan uwanmu waɗanda kowace komawa mustashfa kuɗi ce, ga fargabar iƙama. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, in ɗinkinta mai narkewa ne, an rage mata tafiya ɗaya da zafi ɗaya. Ba yana nufin ta daina zuwa a duba raunin ba, a'a. Amma haƙƙinta ne ta tambayi likita: da me aka rufe ni, kuma za a cire ko ba za a cire ba? Iyayenmu da yawa kunya ke hana su. Mu da muke musu tafinta, mu riƙa tambaya.

A 2010, da aka buɗe baje kolin 1001 Inventions a gidan tarihin kimiyya na Landan, tallafin daga gidan Abdul Latif Jameel na nan Jidda ya fito, kuma Zahrawi na cikin waɗanda aka nuna. Abin alfahari ne, ban musa ba. Sai dai ku sake duba sunayen da na lissafa bayan shi: Birtaniya, Budapest, Rasha, Amurka. Zahrawi bai tsaya yabon Jalinusa ba, kayan aikinsa ya zana da hannunsa, ya rubuta abin da ya gwada. Jami'ar Sarki Abdul'aziz na koyar da likitanci tun 1975, ga KAUST a Thuwal tun 2009. Ƙannenmu masu son kimiyya, ba kowa ne sai ya riƙe wuƙar tiyata ba. Ana neman wanda zai ƙera ƙusa mai narkewa da asibitin Maradi ko na Katsina zai iya saye.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun ji daga gare ku.