Sufuri tsakanin biranen Ayilan

Hanyoyin sufurin Jamhuriyar Ayilan kusan duk a Dublin suke haɗuwa, kuma wannan ne babban rauninsu. Jiragen ƙasa na Iarnród Éireann suna tashi daga tashar Heuston ta Dublin zuwa Cork, Limerick, Galway da Waterford, daga tashar Connolly ta birnin kuma zuwa Sligo da Belfast. Tafiyar Cork ba ta wuce awa biyu da rabi da 'yan mintuna, kuma babbar hanyar M8, wadda aka kammala a 2010, ta sauƙaƙa wa masu mota. Amma wanda zai tashi daga Cork zuwa Galway sai ya sauya jirgi a hanya, shi ya sa da yawa suka fi son bas ɗin Bus Éireann. Gundumar Donegal ma ba ta da layin dogo ko ɗaya.

Masu kare tsarin suna cewa a Dublin jama'a suka fi yawa, dole kuɗi su bi su. Gaskiya ne, sai dai Cork da Limerick su ne birni na biyu da na uku, tazararsu kilomita 100 ce kacal, amma har yanzu tsohuwar hanyar N20 mai ratsa garuruwa ce ke haɗa su. Wannan sakaci ne da ya kamata a gyara.